Yadda ake bin haƙƙi wajen dilan mota a Sakkwato idan gyara ya koma ɓarna

Bara da bazara, a irin zafin nan na Sakkwato da ke haura digiri 40, kawuna ya mayar da Corollarsa wajen dilan da ya sayar masa da ita, domin mako biyu da saye esi ya daina sanyi. Dilan ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwan sanyi, ya ce a bar motar yaransa su duba. Kwana tara ta yi a can. Ranar da na raka shi ɗauka, esi kam yana busa sanyi, amma bambar baya ta tsage, ƙofar direba ta loɓa kamar an sa mata gwiwa, da aka tayar da injin kuma salansa ta ɗauki wata ƙara da ba mu san ta da ita ba. Kawu ya kira yaron da ya kawo makulli ya nuna masa. Yaron ya dubi ƙofar, ya dubi Kawu, ya ce, "Alhaji, ai haka kak kawo ta."

Ba hoto, ba takarda, ba wanda ya ga lokacin da aka miƙa motar. Wata biyu muka yi muna zarya kafin aka biya rabin kuɗin gyara, shi ma albarkacin wani dattijo da dilan ke jin nauyinsa. A wannan zaryar na koyi yadda ake bin irin wannan magana, kuma yawancinta hoto ne da takarda da sanyin baki.

Tun ranar miƙa makulli

Rabin shari'ar a nan ake cin ta. Kafin ka ba da makulli, ka zaro waya ka zagaya motar da bidiyo a cikin harabarsu, yadda allon sunan wurin ko ma'aikacinsu zai fito a ciki. Ka bi ta a hankali: bamba gaba da baya, ƙofofi huɗu, gilasai, fitilu, madubai. Ka shiga ciki ka tayar da ita, ka ɗauki mitar kilomita, da allurar mai, da duk fitilar da ta kama a gaban direba. Ka buɗe bonet ka ɗauki batir da sunan kamfaninsa. Ka buɗe but ka ɗauki safaya da jak. Tayoyi kuwa, kowace tana da lamba huɗu a gefenta mai nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Wanda ya ɗauki wannan lambar, ba a musanya masa taya ya kasa ganewa. In da hali ka durƙusa ka haska tukunyar salansa da kanikawa ke kira indomi, domin abin da ke cikinta yana da tsada, kuma shi aka fi kwashewa mai mota bai sani ba.

Kana gamawa ka tura bidiyon ga mai wurin ta WhatsApp, tun kana tsaye a gabansa. Saƙon zai ɗauki rana da lokaci, kuma yana cikin wayarsa kamar yadda yake cikin taka.

Sai takarda. Manyan wurare suna da katin aiki da suke cikewa. Ka karɓi kwafinka. Inda babu, fallen takarda ya isa: kwanan wata, lambar mota, lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, abin da za a gyara, kuɗinsa, ranar karɓa. Ka ƙara layi biyu da hannunka: kada a taɓa wani abu sai an kira ni, kuma duk kayan da aka cire a ajiye mini tsohon. Kuɗi ka tura ta banki zuwa asusun wurin, ka rubuta dalilin biyan, kada ka tura asusun yaron shago. Takardun mota na asali ka tafi da su gida.

Na san abin da ke hana mu. Mutum ne da kuke sahu ɗaya a masallaci, ko surukin abokinka, sai ya ce, "Haba Alhaji, ba ka yarda da ni ba ne?" Ka yi murmushi ka tuna masa cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, kuma sahabbai aka fara faɗa wa. Mai gaskiya ba ya jin haushin takarda. Wanda ya ji haushinta kuwa, kunyar mara kunya asara ce.

Ranar ɗauka: kada taya ta taka titi

Ka je da rana tsaka, ba bayan magariba ba. In ƙura ta rufe motar, musamman lokacin hunturu, ka sa a watsa mata ruwa, domin ƙura tana ɓoye karce. Ka buɗe bidiyonka ka bi motar da shi gaɓa-gaɓa.

Idan ka ga ɓarna, to ga babban kuskuren da mu muka yi: muka shiga mota cikin fushi muka fita, da niyyar mu dawo gobe. Da zarar ka wuce ƙofarsu, an samu mafita. Za a ce ɗan kabu-kabu ne ya goge ka a shataletale, kuma ba ka da yadda za ka ƙaryata. Ka bar ta inda take, ka ɗauki hoton ɓarnar daga kusa da daga nesa, ka nemi a kira mai wurin ko manaja. Kada ka ɓata bakinka a kan yaron; ba shi zai biya ba, kuma watakila gobe shi ne zai faɗa maka gaskiya a ɓoye. Ka duba mita. Motar da aka kawo gyaran esi ba ta da dalilin ƙara kilomita 200. Gwaji a kan bayfas bai kai haka ba, an dai yi unguwa da ita. Ka gaisa da maigadi da mai shayin bakin ƙofa, su ne suka san wanda ya fita da ita da daddare. In wurin yana da kyamara, ka nemi a duba a ranar, saboda na'urar tana goge tsohon hoto da kanta bayan 'yan kwanaki.

Wani lokaci dole ne ka tafi da motar, ita ce ƙafarka. To, ka rubuta ɓarnar ɗaya bayan ɗaya a takarda, manaja ya sa hannu. In ya ƙi, ka tura masa hotunan da bayanin ta waya kafin ka tayar, ka kuma sa wani da ba ɗan gidanku ba ya gani da idonsa. Kada ka sa hannu a takardar da ta ce ka karɓi mota lafiya.

Idan suka ce mota ba ta fita sai ka biya kuɗin aiki, ka sani mai gyara yana da ikon riƙe abin da ya gyara har a biya shi ladansa. Kada ka zo da makulli na biyu ka ɗauke ta da ƙarfi, za ka mayar da kanka mai laifi. Ka biya, ka rubuta a jikin rasit ɗinka da nasu: na biya ne domin in karɓi motata, ban janye ƙorafina ba.

Ka san sunan abin da kake nema

Mutane da yawa suna zuwa da ƙorafi a dunƙule, "an cuce ni", sai a yi ta surutu ba a kama komai ba. Abu uku ne, kowanne da hukuncinsa.

Akwai aibin da aka sayar maka da motar da shi aka ɓoye, kamar giya mai fizga ko injin mai shan baƙin mai. A fiƙihu mai saye yana da zaɓi idan ya gano tsohon aibin da ba a nuna masa ba: ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Dokar tarayya ta gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye wata uku daga ranar karɓa ya mayar da kayan da ba su cika inganci ba, a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗi. Amma a mota 'yar Beljiyam, aibin da aka nuna maka ka gani ka yarda, har aka rage maka kuɗi saboda shi, ba ka da bakin magana a kansa.

Akwai gyaran da aka karɓi kuɗinsa bai yi ba, ko aka ce an sa sabon kaya alhali tsoho aka wanke. Sashe na 130 na wannan doka ya ce aiki a yi shi a kan lokaci kuma da ingancin da mai hankali zai sa rai. In ba haka ba, a sake shi ko a mayar da wani ɓangare na kuɗin.

Sai ɓarnar da ta auku motar tana hannunsu, irin ta Kawu. Wannan sashen dai ya ce a mayar wa mutum dukiyarsa aƙalla yadda ya kawo ta. Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin bayani a nan: duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce wurin da aka ce masu sana'a suna lamunce abin da aka ba su suka ɓoyu da shi daga idon mai shi, ko da lada suka yi aikin ko ba lada. Sai fa in sun kawo shaidar cewa abin ya lalace ba da sakacinsu ba. Shi ya sa "yaro ne ya yi" ba hujja ba ce. Kai da maigidan yaron ka ƙulla, kuma shi ya ɗauki yaron.

Ido na biyu

Ka samo bakaniken da ba shi da alaƙa da wurin, in son samu ne wanda ba abokinka ba, ya duba ya rubuta abin da ya gani da kuɗin gyaransa. Na jiki, mai fanel da fenti. Na wuta, riwaya. In matsalar injin ce ko giya, a jona na'urar bincike a ƙasan sitiyari, ka ɗauki hoton lambobin da ta nuna kafin wani ya goge su. Ka karɓi ƙiyasi daga wuri biyu, ka kuma taka da kanka zuwa shagunan kayan gyara na Sahara ka ji farashin sabo da na Beljiyam.

Dubawa kawai zai yi, kada ya kwance komai. In ya sa sifana, an samu wanda za a ɗora wa laifi, in kuma motar sabuwa ce mai garanti, kwancewar waje tana iya kashe garantin.

Wajen lissafi ka tsaya kan gaskiya: kuɗin gyara, kuɗin janwe in an ja motar, kuɗin abin hawan da ka biya kana da shaidarsa. Mai motar haya ya ƙara da abin da yake samu a rana, in yana da littafin balas. Kada ka cusa tsohon karcen da ka san da shi ka kawo ta. Ƙarya ɗaya in aka kama, ta rushe gaskiya goma. Inshorar nan ta ɓangare na uku da yawancinmu ke yanka, ta naira 15,000 tun 2023, ba ta biyan ɓarnar motarka kai kanka. Mai cikakkiyar inshora ne zai sanar da kamfaninsa da wuri.

Zama da mai wurin, sannan wasiƙa

Ka je da safe kafin kasuwa ta buɗe sosai, da mutum ɗaya mai sanyin rai, ba gayyar 'yan'uwa ba. Ku gaisa yadda ya kamata, ka nemi ku keɓe, kada ka tozarta shi gaban masu saye. Mutumin da aka kunyata gaban yaransa ya gwammace ya kashe ninki biyu a kotu da ya ce ya yi kuskure. Ka nuna masa bidiyon ranar kawowa da hoton ranar ɗauka, ka ce, "Alhaji, ga yadda ta zo, ga yadda na same ta. Ga abin da masu gyara biyu suka yanka. Ya kake ganin za mu yi?" Sai ka yi shiru, ka bar shi ya fara tayi.

In ya ce ka dawo jibi, jibi ta zama mako, to lokacin wasiƙa ya yi. Gajera, ba zagi, ba barazana: ranar da ka kawo mota, aikin da aka yi alkawari, abin da ka biya, ɓarnar da ka samu, abin da kake nema da adadinsa, da wa'adin kwana 7 ko 14, bayansa za ka kai maganar gaba. Da Hausa ma ta yi. Ka yi kwafi biyu, su sa hannu da kwanan wata a naka, ka kuma tura hotonta ta waya. Idan wurin wakilin wani kamfanin motoci ne, ka aika kwafi babban ofishinsu. Wakili yana tsoron uwar kamfani fiye da yadda yake tsoronka.

A wannan tsakanin ka riƙe hannunka daga Facebook da TikTok. Ɓata suna laifi ne a doka, ana kuma neman diyya a kansa. Kalmar "ɓarawo" guda ɗaya tana iya mayar da mai bin bashi wanda ake bi.

Sulhu, amma mai alƙalami

A Sakkwato yawancin irin wannan magana a nan take mutuwa, kuma ni ma nan na fi so ta mutu. Ka fara da dillalin da ya haɗa cinikin. Wanda ya ci la'ada ya san hanyar gidan kowa. Diloli suna da ƙungiyarsu, AMDON, kanikawa suna da NATA, kuma shugaban reshe yana da faɗa a ji a kan ɗan ƙungiyarsa, domin sunan sana'arsu ne ke ɓaci. In wannan bai yi ba, akwai mai unguwa, da limamin da dilan ke salla a bayansa, da Hisba.

Sai dai ka kula da sulhun da ba shi da komai a ciki sai "a yi haƙuri, a bar wa Allah". Yafiya alheri ce, amma ta mai haƙƙi ce, yana yin ta bayan an tabbatar masa da haƙƙinsa, ba a ƙwace ta da taron dattawa ba. Ka shiga zaman ka riga ka san mafi ƙarancin abin da za ka karɓa. Duk abin da aka tsayar a rubuta shi a wurin: wa zai gyara, a wane gareji, da wane irin kaya, sabo ko Beljiyam, zuwa wace rana, da abin da zai biyo baya in aka saɓa. Ku biyu ku sa hannu, shaidu biyu su sa. Ni shawarata, a kai gyaran gareji na uku da kuka yarda da shi, dila ya biya can kai tsaye. Hannun da ya ɓata, da wuya ya gyara da zuciya ɗaya.

'Yan sanda, hukuma, kotu

Da rai ya ɓaci, ofishin 'yan sanda ke fara zuwa zuciya. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum saboda saɓa yarjejeniya ko rikicin da ba na laifi ba kawai, kuma wanda ka sa aka tsare kan kuɗin fenti yana iya maka ka a babbar kotu kan tauye masa 'yanci. Inda suke da hurumi shi ne inda aka yi laifi: an sace kaya a motar, an sayar da ita, an ba ka takardun jabu, ko an yi maka barazana.

FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, ka ɗora rasit da hotuna da wasiƙarka. Ganin ka fara neman mai wurin bai saurare ka ba yana ƙarfafa ƙorafin. Dokar tata ta ɗora nauyin kawo hujja a kan mai sayarwa idan aka ce kaya ko aiki yana da aibi. Akwai kuma Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda aka kafa tun 1975, tana da ofishi a kowace jiha, ba ta karɓar kuɗi, kuma tana iya gayyatar kamfani mai rajista.

Kotu ita ce ƙarshe. Tsakanin Musulmi biyu kotun shari'ar Musulunci tana sauraron irin wannan da'awa, da ƙa'idarta da kowa ya sani: hujja kan mai da'awa, rantsuwa kan wanda ya musa. Akwai kuma kotun gunduma da babbar kotu, gwargwadon yawan kuɗin. Magatakarda ko lauya zai nuna maka wadda ta dace. Ka tabbatar da sunan wanda za ka yi ƙara, domin sunan da ke allon ƙofa ba lallai ne shi ke rajista ba. Ka duba rasit, ka bincika a shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC. Hoto da saƙon waya suna shiga shaida a ƙarƙashin sashe na 84 na dokar shaida ta 2011, tare da takardar bayanin na'urar da aka ciro su, don haka kada ka sayar da wayar, kada ka goge hirar. Ka kuma yi lissafi da idon basira: in ɓarnar ba ta kai kuɗin lauya da zaryar wata da watanni ba, wasiƙar lauya guda ɗaya ta fi maka arha, kuma sau da yawa ita kaɗai ke sa a kira ka. Mara hali ya nemi ofishin hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa.

Ranar karɓa ta biyu

Ka dawo da bakaniken nan naka. Ku fito da motar rana ku dubi fentin ta gefe, launin da bai dace ba a hasken rana yake tona kansa. Ka bi wurin da aka buga da ɗan maganaɗisu. Inda aka cika da fila mai kauri ba ya kamawa sosai. Ka karɓi tsofaffin kayan da aka cire. Ku hau bayfas da azahar, esi a kunne, ku ga ko allurar zafi za ta motsa. A ɗaga ta a leƙa ƙasa. Sai bayan wannan za ka sa hannu, kuma ka rubuta cewa sa hannun ya shafi abubuwan da aka lissafa ne kaɗai.

Wannan layin na ƙarshe mu ba mu rubuta shi ba. Ƙarar salansar Kawu, wadda aka ce mana ƙusa ce ta kwance, sai bayan wata uku wani mai walda ya kwanta ƙarƙashin motar ya nuna mana sabon ɗinki a jikin tukunyar: an farke ta, an kwashe indomin, an mayar an liƙe. A lokacin takardar da ke cewa magana ta ƙare tana aljihun dilan, da sa hannun Kawu a ƙasanta.